Tsakanin Cika Ciki da Cika Ido

Ranar 31 ga Disamba, da misalin ƙarfe 2 na rana, mu a nan ƙasar Yankwashi haramar sallar Azahar ake yi. Hazo ya rufe gari, iskar hunturu tana wasa da karan da aka jingine a bayan gida, yara sun yi fururu. A daidai wannan lokacin ne sha biyun dare ke bugawa a Sidni, birni mafi girma a ƙasar Ostareliya, domin sun riga mu da awa 10. Kafin liman ya sallame, hotunan sun iso wayoyinmu: katafariyar gadar ƙarfe a bakin tashar jiragen ruwa tana ɓarin wuta kala-kala, ruwan teku ya koma ja, ya koma kore, dubban mutane sun ɗaga kai suna ihu.

Wata shekara muna zaune a rumfar mai cajin waya a Karkarna, mun haɗa kai a kan waya ɗaya muna kallon wannan abu, sai wani dattijo maƙeri ya tsaya a kanmu. Muka miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙura ido har bidiyon ya ƙare, sannan ya ce, "Yara, wannan wutar me ta dafa?"

Ɗayanmu ya ce, "Baba, ai ba ta girki ba ce, ta kallo ce."

Ya ce, "To madalla. Wa ya sayi itacen?"

Muka yi dariya, ya mayar mana da wayarmu ya wuce masallaci. Amma tambayoyin nan biyu sun biyo mu gida, kuma har yau ba su sake mu ba. Ko ya dace jama'a su ƙone dukiya saboda kallon 'yan mintuna? Mu da muke kallo muna jin daɗi, ko muna da hannu a laifin, in har laifi ne?

Dattijon ba daga sama ya ɗauko tambayarsa ba. A wurinmu kowace wuta da aikinta. Ta murhu tuwo take yi, ta maƙera ƙarfe take lanƙwasawa, ta mai tsire nama take gasawa, wadda ake hurawa da asuba a ƙofar gida sanyi take kora. Wadda ba ta da aiki kuwa sunanta gobara, kuma a hunturu babu abin da manomi ke tsoro kamar ta, tunda ƙyastu ɗaya kan iya cinye rumbun da aka shekara ana wa wahala. Mutumin da ya tashi a haka, in ka nuna masa wutar da aka saya da kuɗi don kawai ta tashi ta mutu, dole ya tambaya.

Ba a waya kaɗai muka san wannan wuta ba. Mu ba mu da teku. Babban ruwan da muka tashi muka gani shi ne dam ɗin Kazaure. Amma da an kai gero da dawa rumbu, an sayar da riɗi da zoɓo, samarin Yankwashi da Roni da Gwiwa da Babura sai su ɗaure kaya su nufi ci-rani, da yawansu Legas. Wasu gadi, wasu shayi, wasu wankin takalma, wasu dako a kasuwar Mile 12. Ƙarshen shekarar Turawa a can yake riskarmu.

Tun 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, gwamnatin Legas ta fara shirya babban taron ƙarshen shekara a bakin teku, wurin da ake kira Bar Beach. Mun taɓa zuwa. Daga Obalende muka taka da ƙafa, domin mota ba ta motsi, muka bi titin da aka sa wa sunan Sardauna Ahmadu Bello har iskar teku ta fara dukan fuskarmu. Can cikin ruwa ga fitilun manyan jirage a jere, suna jiran layin shiga tashar Apapa. An yi wa manyan baƙi shinge da kujeru a gaba, mu kuwa muna can baya tare da masu tallar ruwan leda. Da aka fara ƙirga daƙiƙun ƙarshe da Turanci, ba dukanmu muka iya bi ba. Sai kawai muka ji ƙasa ta girgiza, sama ta tsage.

Ba za mu yi wa mai karatu ƙarya ba: mun ji daɗi. Daɗin ma ya wuce na ido. A garin da kullum sunanka "aboki", garin da in ka tsaya a ƙofar wani gida ake tambayarka me kake nema, ga shi an samu 'yan mintuna da babu mai kallonka. Bayarabe da Ibo da Bahaushe da Bature, mai gida da mai gadinsa, kowa baki buɗe, fuska ɗaya. Shingen da aka yi a ƙasa bai kai sama ba. Mai kujera bai ga abin da ya fi wanda muka gani ba. Wani daga cikinmu, wanda rabonsa da dariya tun da ya bar matarsa da tsohon ciki a gida, ranar har tsalle ya yi.

Da gari ya waye kuma, kowa ya koma sunansa. Kwalabe da ledoji suka rage a yashi, irinmu ne suka share. Bayan wasu shekaru, a watan Yunin 2022, gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Eti-Osa inda wancan bakin teku yake, bisa dalilin haɗurra da tsaro. Da yawa cikin waɗanda muka tsaya da su a daren nan sun dawo gida babu babur. Saboda haka muna da shaida biyu a hannu, kuma duka gaskiya ne: daren ya haɗa mu da mutanen birni, safiya ta nuna haɗin bai yi saiwa ba.

Mu fara da hujjar masu cewa almubazzaranci ne, don tana da ƙarfi. Wasan wutar tsakar dare na Sidni kamar minti 12 yake ɗauka. Bikin ƙarshen 2019 ya ci wa birnin kimanin dalar Ostareliya miliyan 6.5. A wannan shekarar kuwa ƙasar tana ci da wutar daji irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Mutum fiye da 250,000 suka sa hannu a takardar neman a fasa, a ba masu kashe gobara da manoma kuɗin. A ranar 31 ga Disamba ɗin kanta, a wani ƙaramin gari mai suna Mallacoota, mutane kusan 4,000 suka gudu bakin teku saboda wuta ta kewaye su, sama ta yi ja da rana tsaka. Magajiyar garin Sidni, Clover Moore, ta ce ba za a fasa ba: an riga an kashe yawancin kuɗin, 'yan kasuwa da baƙi sun gama shiri, kuma za a yi amfani da taron a tara wa waɗanda abin ya shafa gudummawa. Aka yi. A rana ɗaya, a ƙasa ɗaya, wasu suna bakin ruwa suna gudun wuta, wasu suna bakin ruwa suna yi mata tafi.

Mu mutanen Jigawa ba sai an fassara mana wannan ba. A watan Oktoban 2024, a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka fito ɗiban fetur ɗin da ya malale, ta kama da wuta. Mutum fiye da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ba ganganci kaɗai ya kai su ba, har da babu. Wanda ya san abin da galan ɗaya na fetur ya sa mutane suka yi a daren nan, in ya ga ana harba miliyoyi sama don nishaɗi ya ji zuciyarsa ta tashi, ba za mu ce masa bai waye ba.

Amma kafin mu yanke hukunci, mu leƙa gidanmu. Ranar hawan Salla a Kazaure, wa ke gaban Sarki? 'Yan bindiga. Suna ɗura albarushi suna bugawa sama, ba su harbi zomo ba, ba su kori ɓarawo ba. Ƙara ce da hayaƙi, shi ke nan. Wannan albarushin kuwa shi ne dai wanda ke tashin wasan wutar Sidni da ta Legas: gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, haɗin da mutanen Sin suka gano fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Abin da masu wasan wuta suka ƙara shi ne garin ƙarafa masu ba da launi. Jan ƙarfe, alal misali, shi ke ba da shuɗi. Ga dawakai da jalala, ga alkyabbu da rawuna, ga algaita da kakaki. Manomi daga Gwiwa zai biya kuɗin mota ya zo ya tsaya cikin rana da ƙura, ya ga wucewar da ba ta fi 'yan mintuna ba, ya koma gida yana ba da labari har wata Sallar. Ba mu taɓa jin wani ya tambaye shi me hawan ya dafa ba.

Mu shiga cikin gida ma. Turaren wuta da iyayenmu mata ke saya da tsada su zuba a kasko, me yake dafawa? Lallen amarya kwana nawa yake yi? Guɗa fa, wa ya taɓa ajiye ta? In gajartar rai ce ke mayar da abu ɓarna, to rabin abin da ke sa rayuwa ta yi daɗi ɓarna ne. Talaka ya fi kowa sanin ba haka ba ne, shi ya sa ko shekara ta yi tsanani sai ya san yadda ya yi ya ɗinka wa 'yarsa kayan Salla. Ɗan Adam ba ciki ba ne kaɗai. Yana da ido, kuma yana da buƙatar ya tsaya cikin jama'a su yi mamakin abu ɗaya tare. Amsar tambayar Baba ta farko ke nan: akwai wutar da ba ta dafa komai, kuma ba gobara ba ce.

Tambaya ta biyu ita ce mai ƙaya. Wa ya sayi itacen?

Malamanmu sun bambanta abu biyu: israfi, wato wuce iyaka a cikin abin da asalinsa ya halatta, da tabziri, wato zuba dukiya a inda ba muhallinta ba. Iyaka kuwa ba ɗaya ba ce ga kowa. Ragon da attajiri zai yanka a suna ba a ce komai ba, in wanda ake bi bashin hatsi ya yanka irinsa sai a yi magana. Ba ragon ne ya canja ba, haƙƙin da ke wuyan mai yankan ne. Haka wasan wuta yake. Mai turaren wuta kuɗinta ta ƙona. Hukuma kuwa ba ta da kuɗin kanta. Abin da ke hannunta amana ce, ta mai shayi da mai dako da matar da ke naƙuda a asibitin da babu lantarki. Birnin da famfonsa ke zuba, motar asibitinsa ke zuwa in an kira, yana iya cewa ya sauke farilla, wannan nafila ce. Duk da haka kun ga sai da mutanensa suka tuhume shi. To ina ga hukumar da ake bin ta albashi, titunanta duhu, ta ce za ta haskaka sama? Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sun kuma ce kallo ya koma sama, shaho ya ɗauki giwa. A taro, lokacin da kowa ya ɗaga kai ne ɗan sane ke aikinsa, kuma ba kowane ɗan sane ne ke yawo da silifas ba.

Wani zai ce, in sai yunwa ta ƙare za a yi biki, to ba za a taɓa yi ba. Gaskiya ne, kuma kakanninmu sun riga mu ganin haka. Mu ma muna da bikin juyawar shekara. A watan Muharram, daren cika-ciki, akan dafa abin da aka adana na naman layya, a yi tuwo mai yawa, a ce yau kowa ya ci ya ƙoshi. A aika wa maƙwabta, a ba almajiri, taubasai su bi juna kuɗin shara ana raha. Cika-ciki bai taɓa kawar da talauci ba; washegari mai babu yana nan da babunsa. Abin da ya yi shi ne ya kafa sharaɗi: ba za a ce an yi murnar shekara ba alhali wani a unguwa ya kwana da yunwa a wannan daren. An sa talaka cikin lissafin bikin tun daga tukunya.

Wannan shi ne mudun da muke ganin ya dace a auna wasan wuta da shi. Ba wai ko talauci ya ƙare ba, a'a, ko an lissafa da talaka. An bar masa wurin tsayawa? A Sidni an yi shekaru ana sayar da tikitin shiga wasu wuraren kallo mallakar gwamnatin jiha, jama'a suka yi ta ƙorafi, har a 2023 aka soke kuɗin a yawancinsu. A Legas, daga 2015, Gwamna Akinwunmi Ambode ya rarraba taron zuwa wuri biyar, har da Agege inda Hausawa suka daɗe da zama, da Ikorodu da Epe da Badagry, maimakon a bar shi a unguwar masu kuɗi kaɗai. Waɗannan matakai ne na daidai, ko da ba su biya dukan bashin ba.

Sannan, an tanadar masa hanyar komawa gida? A nan ne ake gane ko an ɗauke shi baƙo ko kuwa cikon taro. A daren shiga 2013, a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, birnin da Hausawa 'yan kasuwa suka sani sarai, an yi gagarumin wasan wuta a unguwar Filato. Da aka tashi, turmutsitsi ya ɓarke kusa da filin wasa na Houphouët-Boigny. Mutum kimanin 60 suka mutu, da yawansu yara da matasa, aka yi zaman makoki na kwana uku. Cikin dalilan da binciken hukuma ya ambata har da ƙarancin hasken titi da ƙarancin jami'an tsaro. An samu kuɗin haskaka sama, titin da yaran za su bi su koma wurin iyayensu yana cikin duhu. In ana neman ma'anar tabziri a aikace, ga ta nan, kuma ba albarushin ne ya yi laifin ba.

Saura mu masu kallo. Yawancinmu yanzu ba a bakin teku muke gani ba, a tafin hannu ne, da datar da muka saya da kuɗin da aka sha wuya aka samu. Kallon kansa ba mu ga aibinsa ba. Abin tsoro shi ne abin da yakan bari a zuciya. Yaro ya gama kallon Sidni ko Dubai, ya ɗaga kai ya ga katangar ƙasa da akuya, sai ya ji kamar shi ba a duniya yake ba. Daga nan raina gida ke farawa, raina gida kuwa ya sa samari da yawa sun bi hanyar Agadas, wasunsu ba a sake jin labarinsu ba. Wani kuma ta ɗaya gefen yake faɗawa, ya ce duk shirme ne, mu duhunmu ya fi mana. Wannan ma yaudarar kai ce. Duhun da ɗalibi ke karatu da fitilar waya a cikinsa ba abin alfahari ba ne.

Da za mu kalli bidiyon da idon basira, ba minti 12 ɗin ne abin sha'awa ba. Abin sha'awa shi ne mutum sama da miliyan ɗaya su taru a bakin ruwa da dare, su watse, kusan kowa ya kwana a gidansa. Wannan ba ya samuwa sai da shirin fiye da shekara guda, da jiragen ƙasa masu aiki har cikin dare, da fitilar titi, da ma'aikatan da aka biya haƙƙinsu, da jama'ar da za ta iya tambayar magajin gari nawa aka kashe ya kuma ba da amsa. Wutar da ke sama furen abin ne kawai. Mu kuwa sau da yawa furen muke roƙo, shi ya sa masu mulki suka gane cewa ya fi sauƙi a ba mu abin kallo a kan a ba mu abin da ke ƙarƙashinsa. Ɗan siyasar da ya raba wa matasa kuɗin casu ranar da ya ci zaɓe, ya bar rijiyar burtsatsen garin a lalace, wasan wuta ya yi mana, ko da bai harba komai sama ba.

Saboda haka in Disamba ta zagayo, wanda ke Legas ya ga dama ya je bakin teku, ya je, ya kula da aljihunsa, ya san ta inda zai fita. Wanda ke gida ya kalla a wayarsa, ya nuna wa ƙannensa. Jin daɗin abu mai kyau ba cin amanar talaka ba ne, balle ma mu ne talakan. Sharaɗin dai kada wuyanmu ya ƙage a sama. In wutar ta mutu, mu sauke kai mu yi tambayar Baba ta biyu, mu yi ta a kan wasan wuta, mu yi ta a kan taron siyasa, mu yi ta a kan bikin 'ya'yan manya, mu yi ta a kan namu bukukuwan da muke cin bashi don a ce mun yi.

Bayan kwana biyu da waccan hira muka bi ta maƙera, da niyyar mu gaya wa dattijon abin da muka tattauna. Muka tarar ya ciro ƙarfe jajir daga wuta ya ɗora a uwar maƙera. Duk bugu ɗaya tartsatsi sai ya watsu, yaran unguwa sun yi da'ira suna kallo, ba mai ƙiftawa. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, mun zo da amsar tambayarka."

Bai ɗago ba. Ya juya ƙarfen da awartaki ya ce, "Ku riƙe ta tukuna. Fartanyar mutane ce, gobe za a zo karɓa. Wani ya zauna ya zuga mini."